Jakar Gashi Daga Jimeta Zuwa Birik

Mun tashi da asuba daga Jimeta, ni da wata maƙwabciyata mai fataucin turaren wuta da humra. Ita tana da buhuna biyu da ake jin ƙamshinsu tun daga bakin tasha, ni kuma akwatin tufafi ne da wata 'yar baƙar jaka da ban yarda yaran mota su ɗora ta a sama ba. Da yawa daga cikinku kun yi ta tambaya me ya sa na rufe shagon kitso na ɓace ba sallama, har wata ta ce ko Umara na tafi a ɓoye. Ba Umara ba ce. Gashi na kai Yawunde, gashin mutane, kuma ga yadda abin ya kasance.

A Briqueterie ta birnin Yawunde aka haife ni, unguwar da mu 'yan cikinta muke ce wa Birik. Aure ne ya kawo ni Najeriya. Can na baro mahaifiyarmu Inna, da yayana wanda tela ne, da iyalinsa. 'Yarsa ta fari, Jamila, tana digiri na biyu a jami'a, kuma abin da take nazari a kai shi ne yadda ake gane yawan tururin nukiliya da ya shiga jikin mutum idan hatsari ya auku. Ta yi ta yi mini bayani a waya tun ba na ganewa har na kama bakin zaren. Ta ce akwai masana'antun da ake sarrafa yuraniyom, kuma wanda aka tace yana da ƙa'ida. Idan aka tara shi wuri guda har ya wuce wani adadi, sai ya tashi da kansa. Ba fashewa yake yi irin ta bam ba, wani shuɗin haske ne zai walƙa, shi ke nan. Wanda yake tsaye kusa ba zai ga jini ba, ba zai ga ƙuna ba a lokacin, yana iya fita da ƙafarsa alhali abin ya riga ya ratsa shi. Likita kuwa ba zai san wa zai fara ceto ba sai an gaya masa wa ya kwasa da yawa, wa ya tsira da kaɗan. Ɗaya daga cikin abubuwan da ake dubawa shi ne gashi, domin akwai farar wuta a cikinsa, ita ce ma take ba shi warin nan idan ya ƙone. Tururin yana barin alama a jikin farar wutar, na'ura kuma tana iya ƙirga alamar.

Abin da ya dami Jamila shi ne, lissafin da ke cikin littattafansu ya ɗauka gashin kowa yana nan yadda Allah ya halicce shi. To wanda ya sha rilaksa fa, ko lalle, ko baƙin rini? Idan farar wutarsa ta ragu, lissafi zai nuna mace ta kwashi kaɗan alhali ta kwashi da yawa, a sallame ta gida. Tana bukatar gashin mata iri-iri ta auna, kuma nan ne gizo yake saƙar. Kun dai san mu da gashi. Mace za ta taje kanta, ta nannaɗe abin da ya fita a mataji, ta binne ko ta cusa inda ido ba ya kai, kada wani ya samu ya yi mata asiri. Jamila ta shiga gidaje kaɗan a Birik tana roƙo, kafin a ce me magana ta cika unguwa cewa 'yar tela tana tara gashin mata tana sayar wa Turawa. Yaya ya tsinci zancen a ƙofar masallaci, ya dawo gida ya ce ta daina. Lokacin miƙa aikinta yana matsowa, abin da ke hannunta kuwa bai wuce gashinta da na mahaifiyarta da na ƙawayenta biyu ba.

Ni kuwa shekara ashirin da ɗoriya ke nan kan matan Jimeta yana tsakanin gwiwoyina. Na riƙa gaya wa kowacce gaskiyar abin da ake ciki. Wadda ta yarda sai in yanki ɗan tsili daga ƙeya, wadda ta ƙi mu ci gaba da hirarmu. Sharaɗinsu ɗaya ne, kada a sa sunan kowa. Na ƙulle kowanne a 'yar leda, na rubuta abin da mai shi take shafawa kawai. Da na kai tasha zan ba direba saƙo, ya tambaye ni me ke ciki, na faɗa masa. Ya ja da baya, ya ce ko nawa zan biya ba zai ɗauka ba, yana da 'ya'ya ƙanana. Na biyu ma haka ya yi. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce tunda na daɗe ban ga Inna ba, in shirya in kai da kaina.

Ta Belel muka bi. Damina ta ci hanyar ƙwarai, akwai inda sai da maza suka sauka suka tura, mu mata muna ciki muna yi musu sannu. A bakin iyaka na miƙa wa ɗan canji damin naira da sai da na sa hannu biyu, ya miƙo mini sefa da ba ta cika tafin hannu ba. Na tsaya ina jira ko akwai ragowa, ya ce Hajiya shi ke nan fa. Abokiyar tafiyata ta ce in saba, haka take gani kowace tafiya.

Bayan mun tsallaka, a wani shinge, aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jami'i dogo, mai sanƙo har ƙeya, ya shaƙi buhunan turare ya ce a wuce, sannan ya buɗe baƙar jakata. Ya daɗe yana kallo. Ya sa bakin biro ya ɗago leda ɗaya, ya ɗaga ta sama, ya dube ni. Na waiga neman abokiyar tafiyata, na hango ta can gindin bishiya tana cinikin gyaɗa kamar ba ta taɓa ganina ba. Faransancina na firamare ya yi tsatsa, na haɗa da Fulatanci, na ƙara da Hausa, duk da haka fuskar mutumin ba ta sake ba. Fasinjoji sun fara matsowa, na ji wata tana cewa a'uzubillahi. Idan ya riƙe jakar, aikin yarinyar ya tsaya, amanar matan Jimeta kuma ta faɗa hannun da ban sani ba. Sai na kira Jamila na miƙa masa wayar.

Da farko yana ta cewa "wi, wi" a gajarce. Can sai na ga ya jingina da mota, ya fara yin tambayoyi, har ya manta da layin mutanen da ke jiransa. Ya shafa kansa ya faɗi wata magana, sannan ya bushe da dariya. Daga baya Jamila ta gaya mini tambayarta ya yi, mai sanƙo irinsa fa idan abin ya rutsa da shi? Ta ce masa kada ya damu, ana duba gishirin da ke cikin jini, ana duba farce, har zoben hannu da ƙarfen bel suna riƙe alamar. Ya rufe jakar da kansa, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce in gaishe da Dokta. Na ce ba ta zama ba tukuna. Ya ce za ta zama.

Garwa ta tarbe mu da zafinta da na sani, irin wanda yake sa mutum ya ji tufafinsa sun yi masa yawa. Muka kwana gidan 'yar'uwar abokiyar tafiyata, aka yi mana tuwon shinkafa da miyar yakuwa da kifin Binuwai, kogin nan dai namu na Yola, sai dai a nan sun fi mu iya yaji. Washegari muka hau babbar mota zuwa Ngaundere. Hanyar tana da kyau a wasu wurare, a wasu kuma rami ne yake bin rami. Gonakin auduga da masara sun yi shar dama da hagu. A mararrabar Poli wani dattijo da ke kusa da ni ya nuna duwatsun da ke yamma ya ce akwai yuraniyom a cikinsu, tun yana saurayi ake zancen haƙowa. Na ƙara rungume jakata. Da muka fara hawan falez, wato gangaren dutsen nan mai kwana-kwana, motar ta riƙa nishi kamar tsohuwar saniya, kunnuwana suka toshe, iska ta juye ta zama sanyi. Wadda take fifita da safe sai ga ta tana neman mayafi mai kauri.

A gar ɗin Ngaundere, wato tashar jirgin ƙasa, muka sami kushet, ɗan ɗaki mai gadaje huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Kuɗinsa ya ɗan ciji aljihu, amma bayana ba zai iya zaman kujera har safiya ba. Abokiyar tafiyata ta jera buhunanta tsakanin gadonta da jakata, ta tofe su da addu'a, ta ce ba wai tana zargina ba ne, rigakafi ne. Jirgin ya tashi bayan magariba. A Ngaundal masu zuma suka yi wa tagogi caa, na sayi gora ɗaya don Inna. Da gari ya waye duniya ta sauya gaba ɗaya: daji ne mai duhu, bishiyoyi dogaye, hazo yana kwance a kan koguna, jar ƙasa tana leƙowa ta ƙarƙashin ciyawa. Duk tashar da muka tsaya mata ne da faranti a ka, ayaba, abarba, fiya, da bobolo, wato rogon nan da ake naɗewa a ganye. Na ci bobolo da gyaɗa soyayya, na ji yarintata ta dawo mini a baki. Da jirgi ya rage gudu ya ratsa kasuwar Elig-Edzoa, 'yan tireda suna janye tumatir daga bakin dogo ba tare da sun ko ɗago kai ba, na san na iso gida.

Jamila tana tsaye a bakin ƙofar fita. Rabona da ita tun tana sakandare, yanzu ta fi ni tsawo, ga tabarau. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta karɓi baƙar jakar kafin akwati, ta rungume ta a ƙirji. Abokiyar tafiyata ta yi mana sallama ta nufi unguwar Madagaskar wurin masu sayen kayanta, kuma na lura tafiyarta ta fi sauri da ta rabu da mu. Mu kuma muka tsaya bakin titi muna kiran sunan unguwa da farashi ga kowace taksi mai ruwan ɗorawa, har wani ya danna oda alamar ya yarda.

Birik tana nan yadda na bar ta, sai dai ta ƙara cika. Hayaƙin masu soya, wato tsire, ya rufe titi tun da hantsi, kilishi a shanye, shagunan shadda da atamfa ƙofa da ƙofa, ƙarar kekunan ɗinki tana fitowa ta kowane lungu. Ka ji Hausar Kano a nan, ka ji ta Marwa a can, wani ya fara magana da Hausa ya ƙare da Faransanci idan an zo kan kuɗi. Muka gangara lungunmu muna tsallake kwata, jar laka tana kama takalmi. Inna tana zaune a kan tabarmarta a ƙofar ɗaki. Ta rame, idonta ya rage gani, sai da ta shafa fuskata sannan ta ce na yi ƙiba, mutanen Yola suna kula da ni. Aka kawo benye, wato fanke, da wake da kunu, na ci har na ji kunya.

Yaya ya shigo bayan azahar da zaren ɗinki a jikin rigarsa. Muka gaisa, ya tambayi maigida da yara, sannan idonsa ya sauka kan jakar. Da Jamila ta fita sai ya ce, "Ke ma kin shiga ciki ke nan." Na ce na shiga. Ya ce shi bai taɓa cewa aikin banza take yi ba, shi ya biya kuɗin makarantar da allura da zare. Amma shi ne yake zaune a bakin titi. Mata biyu sun aiko an karɓe atamfarsu ba a ɗinka ba, wani abokinsa na yarinta kuma ya daina zama a bencin shagonsa. Ya ce ba zai hana ta taɓa abin da na kawo ba tunda ba na unguwa ba ne, amma kada a sake shiga gidan kowa. Ban yi masa musu ba. Na ga mutumin da yake alfahari da 'yarsa, yana kuma tsoron a daina gaishe shi.

Kwana biyu bayan haka Jamila ta tafi da ni labo ɗinsu, wato ɗakin gwaje-gwaje. Na zaci zan ga wuta da hayaƙi, sai na tarar da ɗaki fari fes mai sanyi, shiru kamar asibiti. Ta sa farar riga da safar hannu. Ta wanke kowane tsili, ta busar, ta raba wanda ke kusa da saiwa da na baki, domin sabon tsiro bai sha mai ba. Ta yayyanka ƙanana, ta matse su a wani ƙarfe har suka zama kamar ƙwayar magani, ta sa a na'ura, wasu layuka suka riƙa tashi a fuskar kwamfuta. Na tambaye ta ko za a sa wa gashin tururin ne. Ta ce a'a, farar wutar kawai take aunawa, sauran lissafi ne. Ina zaune ina kallon hannunta, babu gaggawa babu rawa, na tuna hannun Yaya idan yana yanka shadda mai tsada.

Rannan malaminsu, wani dattijo ɗan kudu mai farin gemu, ya shirya musu gwaji, ya ce in zauna a baya in kalla. Ya ƙirƙiro hatsari a kan allo: ma'aikata uku a ɗaki ɗaya kusa da tankin yuraniyom, maza biyu da mace, ga abin da aka samu a jinin kowanne da gashinsa, ga lokacin da kowanne ya fara amai. Su faɗi wa za a fara kaiwa babban asibiti. Ban ji rabin Faransancin ba, fuskoki na riƙa karantawa, sai a wurin cin abinci Jamila ta warware mini. Ɗalibai suka yi lissafi, yawancinsu suka sa macen a ƙarshe saboda gashinta ya nuna kaɗan. Jamila ta fita gaban allo. Ta fara da ɗaya daga cikin mazan, ta ce gashin ƙeyarsa ya fi na goshi alama, ke nan ya juya wa tankin baya lokacin da abin ya tashi. Da ta zo kan macen sai ta ce jininta da gashinta ba su faɗi magana ɗaya ba, kuma ta riga kowa yin amai, don haka ba za ta yarda da gashin ba sai ta san abin da matar take shafawa. Ta sa ta a farko. Wani ɗalibi ya yi gardama, suka yi ta kai da komo, ita ba ta ɗaga murya ba, alli kawai take nunawa da shi. Malamin ya bar su sai da suka gaji, sannan ya ce da gangan ya rage lambar gashin, kuma da ranar gaske ce, matar nan a hannun Jamila za ta sami gado. Na sunkuyar da kai ina gyara ɗankwali don kada a ga idona.

A taksi na tambaye ta abin da yake cina tun daga Jimeta. Ƙasar nan ba ta da irin wannan masana'anta, yuraniyom ɗin Poli ma ta ce mini yadda yake kwance cikin dutse ba ya iya tashi. To wahalar ta mece ce? Ta ce, "Goggo, ba a fafe gora ranar tafiya." Ta ce ƙasashe da dama a nahiyar nan suna zancen gina tashoshin nukiliya, 'ya'yanmu kuma suna fita aiki ko'ina a duniya. Ranar da abin zai faru ba a samun lokacin buɗe littafi, domin alamar da ke cikin jini ba ta daɗewa take gushewa. Dole a sami wanda ya riga ya sani.

Kafin mako ya ƙare ta gama auna na Jimeta. Ta ce waɗanda suka sha rilaksa farar wutarsu ta ragu a fili, na lalle kuwa kusan babu bambanci. Amma ta ja mini kunne kada in je ina shela, somin-taɓi ne, sai ta sami ƙari, musamman na tsofaffi da na waɗanda ba su taɓa sa komai ba, kafin ta tsaya a kan magana.

Inna tana jin duk wannan daga tabarmarta. Ranar Lahadi adashen matan lungu ya faɗo gidanmu. Aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka dafa shayi, aka kawo fulere, wato zoɓo, mai sanyi. Bayan an gama abin da ya tara su, uwar adashe, wata Hajja mai faɗa a ji a unguwar, ta juyo gare ni ta ce sun ji na zo da kaya daga Najeriya. Na ce gaskiya ne, gashin matan da nake yi wa kitso ne, kuma kowacce da yardarta. Sai Inna ta ce a kira mata Jamila, ta zo ta faɗa da bakinta, da Hausa, ba da yaren makaranta ba.

Yarinyar ta fito ta durƙusa a gefen tabarma. Ta ba su labarin wani hatsari da ya taɓa faruwa a wata ƙasa mai nisa, inda ma'aikata suke zuba ruwan yuraniyom a tanki da bokiti, suka wuce ƙa'ida, shuɗin hasken ya walƙa. Ta ce mutanen suna da mata da 'ya'ya, kuma abin da likitoci suka fara nema shi ne sanin yawan abin da ya shige su. Wata ta tambaya ina gashin yake zuwa bayan an gama. Ta ce ba ya barin labo, mai so a mayar mata da nata, wadda ba ta so a ƙone shi a gabanta. Wata ta ce ko na'urar tana nuna ciwon mutum ko sirrinsa. Ta ce ko sunan mai shi ba ta sani ba. Hajja ta ce magana ta yi daɗi, amma daɗin baki ba ya hana abin da ake tsoro.

Inna ta kai hannu ta kwance kallabinta. Tun da nake ban taɓa ganin kanta a buɗe a gaban mutane ba. Furfura ce fara sol, 'yar kaɗan, an kama ta da kitso biyu. Ta ce, "Zo ki yanka. Kin ce kina neman na tsofaffi. In akwai abin da zai kama mutum, ya fara da ni." Jamila ta kasa tashi. Ni na ɗauko almakashi na sa mata a hannu, na nuna mata inda za ta kama daga ƙeya don kada ya ɓata kitson. Ta yanka, hawaye yana zuba a kan tabarau.

Ba zan ce muku kowa ta yarda ba. Hajja ta ce sai ta yi shawara da malaminta, ta yafa mayafi ta tafi. Wasu suka bi ta. Amma wata amarya 'yar Ngaundere ta matso ta zame ɗankwali, ta ce nata ya sha defrizan, wato rilaksa, tun tana 'yan mata, a duba. Bayanta wata ta biyo, sannan wata. Har magariba ina yanka, Jamila tana ƙullewa, ana ta dariyar wadda ta rantse ba ta taɓa rini ba alhali saiwar gashinta ta tona ta.

Sauran kwanakin na yi su ne a zumunci. Na je unguwar Ekudu gaisuwar rasuwar wata ƙanwar babanmu, na shiga kasuwar Mokolo na ɓata a layin 'yan gwanjo kamar baƙuwa, ruwan sama ya kama ni sau biyu a rana ɗaya. Soyan Birik ya yi tsada fiye da yadda na sani, amma har yanzu ban ci wanda ya kai shi ba, musamman idan aka haɗa da gasasshiyar ayaba. Yaya kuwa, na san matarsa ta ba shi labarin abin da ya faru ranar Lahadi tun daren.

Ranar da zan taho ya rufe shago ya rako ni gar, abin da bai saba yi ba. Na lura ya yi sabon aski, kansa yana ƙyalli a ƙarƙashin hula. Da ya je neman mai ɗaukar kaya, Jamila ta raɗa mini cewa da safe ya je wurin wanzamin bakin masallaci, ya shimfiɗa ƙyallen shadda a cinyarsa ya tare gashin, ya gaya wa duk na wurin cewa 'yarsa zai kai wa. Ya dawo ya ajiye ƙullin a kan littattafanta, ya wuce shago. Da ya dawo da mai kaya ban nuna na ji ba. Ya sa mini akwati a jirgi, ya tsaya a bakin taga, ya ce, "Ki gaishe da matan Jimeta. Ki ce tela ya gode."

Dawowar ba ta da labari mai yawa. Abokiyar tafiyata ta sayar da kayanta kaf, ta cika buhunan da atamfa da takalma, ta yi barci har da minshari tunda babu jakar da za ta tsare. Muka gangara falez, zafi ya karɓe mu, muka tsallaka iyaka, muka shigo Jimeta da la'asar, ƙafafuna sun kumbura kamar na mai tsohon ciki. Tun kafin in huta mata suka fara leƙowa, kowacce tana son jin me aka gani a nata. Na ce ban san na wace ce ba, ita ma mai aunawar ba ta sani ba, amma duk sun yi aiki, kuma na isar musu da gaisuwar tela.

Na tafi ina ganin na san gashi tunda a cikinsa na tsufa, na dawo na san ado kawai na sani. Na kuma ga cewa tsoro ba ya fita da gardama. Jamila ta fi kowa hujja a tsakar gidan nan, amma sai da tsohuwa ta kwance kallabi sannan wasu suka matso. Waɗanda suka ƙi ma ban ga laifinsu ba, da abin da aka raine mu ke nan. Ina roƙon Allah kada ya kawo ranar da za a nemi ilimin yarinyar nan, a nan ko a wani wuri. Amma idan ta zo, likita yana tsaye yana jiran a gaya masa wa zai fara ɗauka, akwai 'yar Birik da ta tashi cikin ƙarar keken ɗinki wadda za ta iya ba shi amsa, kuma ni ce goggonta.